Me ya sa kara ba ya ruɓewa a rami, amma taki ba ya daɗewa a gona?

Sani Jiratawa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san ƙasa da taki a wannan zaure. Abu biyu ake gani a gonakinmu, kuma kamar sun saɓa wa juna. A zuba karan hatsi da kashin awaki a rami tun kaka, a dawo watan Maris, sai a tarar da karan yadda aka zuba shi, baƙi kawai ya ɗan yi. Amma a kai taki amalanke goma gonar jigawa, damina biyu ka neme shi ka rasa, ƙasa ta koma fara fat. To wanne ne gaskiya, ƙasarmu ba ta iya ruɓar da abu ne, ko kuwa cinye shi take yi da sauri?

Malam Issufu: Wa alaikumus salam Sani. Duka biyun gaskiya ne, kuma dalilinsu ɗaya. Ruɓewa ci ne. Wasu halittu ne ke cin abin: bakteriya da fumfuna waɗanda ido ba ya ganin ɗaiɗaikunsu, sai gara, gwazarma, buzuzu da tana. Abin da suka ci, rabi ko fiye yana fita iska kamar yadda numfashinmu ke fita, saura ya zama jikinsu da wannan baƙin gari mai laushi da muke nema. Shi ya sa tulin takin da ya nuna yake komawa kusan rabin girmansa na farko.

Bakteriya ba ta da baki. Ruwan narkarwa take fitarwa a jikin abin, ya narke, ta tsotse. In babu laima a jikin karan, ba ta da hanyar ci, sai ta kwanta ta jira. Daga Nuwamba zuwa Mayu nan Maraɗi babu ruwan sama, hunturu kuma yana busar da komai har ƙasan rami. Karan da ke raminka ajiye shi aka yi, kamar yadda ake ajiye kilishi ko busasshen tumatir. A damina kuwa ƙasar jigawa tana da laima, tana da zafi, iska na ratsa rairayi ko'ina. Nan babu abin da zai tsayar da su.

Sani Jiratawa: Malam, ai ana zuba ruwa ranar da aka cika ramin. Bido biyu, wani lokaci uku.

Malam Issufu: Bari mu yi lissafi. Ana son laimar tuli ta kasance kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na nauyinsa. Busasshen kara mai kilo 100 ruwan da ke jikinsa bai wuce kilo 10 ba. Kafin ya kai inda ake so sai ya sha lita 80 zuwa 125, wato bido mai lita 25 guda huɗu ko biyar. Wannan na kilo 100 ne kawai, ramin mita biyu kuwa yana cin ninkin haka sau da yawa. Bido uku ko ƙurar saman ba su kwantar ba.

Sannan bayan kara santsi gare shi, ruwa zamewa yake yi ya wuce ƙasa. Dole a sassara shi gajeru-gajeru, kamar tsawon ɗan yatsa zuwa tafin hannu, a jiƙa shi ya kwana kafin a jera. Sarar tana buɗe totuwar ciki, nan ne ruwa ke zama, nan ne kuma ci ke farawa.

Hajiya Rabi: Ga yadda ake gane laima ba tare da ma'auni ba. Ka zura hannu tsakiyar tulin, ba gefe ba, ka damƙo ka matse da ƙarfi. In ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa. In ka buɗe hannu abin ya warwatse, ya bushe. In ya dunƙule, tafinka ya yi danshi, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, to shi ke nan. Kuma a rufe shi, don Allah. Tsohuwar tabarma, buhuna, ko busasshiyar ciyawa mai kauri. Tulin da ba a rufe ba a watan Janairu kwana uku ya ishe shi bushewa kamu guda daga sama.

Lawali: Ina son in ƙara a kan maganar Malam, domin ko an ba da ruwa daidai, kara tsantsa zai ɗauki watanni. Matsalar abincin ce. Halittun nan suna buƙatar karbon, wato sinadarin da ke zama gawayi in an ƙona itace, don ƙarfi, da azot don gina jikinsu. Azot shi ne sinadarin da ke cikin takin zamani na ure, wanda ke sa ganye ya yi kore shar, ƴan Najeriya suna ce masa nitrojin. Abin da ya fi yi musu daɗi shi ne karbon 25 zuwa 30 a kan azot 1. Karan hatsi ko na dawa yana kaiwa 60 zuwa 100 a kan 1. Garin katako na wurin kafintoci ya haura 200. Kashin shanu wajen 20, kashin kaji wajen 10, harawar wake da ta gyaɗa suna kusa da 20 zuwa 25.

Mu ɗauki kara kilo 100. Karbon ɗinsa wajen kilo 45, azot wajen giram 600. Don a sauko da shi 30 a kan 1 ana buƙatar azot kilo ɗaya da rabi, wato saura giram 900. Ure kashi 46 cikin ɗari azot ne, ke nan kilo 2 na ure sun cike giɓin. A narka shi a ruwan jiƙon, kada a watsa shi a bushe. In da kashin kaji ne, busasshe kilo 45 zuwa 50. In kashin shanu ne kuwa sai ya kusan ninka karan sau biyu a nauyi.

Baba Ɗan Tibiri: Lawali ɗana, lissahin ya yi kyau, amma wa ke da sikeli a gona? Kuma wa zai zuba harawa cikin rami alhali tumaki na kuka a bazara? Harawa kuɗi ce. Ku faɗa muna da kwando da baro.

Lawali: Gaskiyarka Baba, harawa ta bi ta cikin dabba tukuna, kashin ya zo rami. Da kwando kuwa, tunda kara ba shi da nauyi: kwando uku na sararren kara, kwando ɗaya na kashin dabbobi cike da dannawa. In kashin kaji ne, kwando biyar ko shida na kara a kan ɗaya.

Hajiya Rabi: Uku a kan ɗaya ban yarda da shi haka kai tsaye ba, Lawali. Ya danganta da wane kashi. Wanda aka share daga turke ya kwana wata huɗu a rana, rabinsa rairayi ne, azot ɗinsa ya tafi iska. Irin wannan sai an yi biyu a kan ɗaya, wani lokaci ma kusan kai da kai. Abin da mutane ke rainawa shi ne fitsari. Kaso mai yawa na azot ɗin da dabba ke fitarwa a fitsari yake, kuma ƙasar turke ce ke shanye shi. A riƙa shimfiɗa ƙaiƙayi ko ragowar karan da dabbobi suka ci suka bari a ƙarƙashinsu, su tattake, su yi fitsari a kai, bayan mako biyu a kwashe a kai tuli. Wannan ya riga ya karye, ya riga ya jiƙu, ya riga ya sami azot. Ya fi duk wani haɗi da za a yi da kwando.

Sai abin cikin tumbi da ake zubarwa a mahauta. Ciyawa ce da aka riga aka tauna, cike da ƙwayoyin da aikinsu ke nan narkar da ciyawa. Bokiti biyu a tsakiyar tuli suna tayar da zafi cikin kwana biyu.

Lawali: Na karɓi gyara Hajiya. Lissafina na kashin da bai sha rana ba ne.

Haruna Madarumfa: Ni tambayata a kan ramin kansa ne. Wasu malaman gona suna cewa rami, wasu suna cewa tuli a sama. A fadama wajenmu ramin da aka cika a Yuli wari yake yi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, abin ciki ya yi yauƙi, ya yi baƙi ƙirin, kuma sanyi ƙalau.

Malam Issufu: Ruwa ba ya tsami banza, Haruna. Wannan rami ya nutse ne. Da ruwa ya cike ƴan kafofin da ke tsakanin kayan, iska ta ƙare, masu aiki da iska suka tsaya, wasu irin bakteriya da ba sa buƙatarta suka karɓi wurin. Su aikinsu a hankali yake, ba ya haifar da zafi, kuma abin da suke fitarwa tsami ne da iskar kibiritu, ita ce warin ƙwan, da iskar gas mai kamawa da wuta. Irin wannan taki in aka sa wa shuka kai tsaye yana ƙona saiwa.

Saboda haka babu amsa ɗaya. Rani da hunturu, a jigawa, rami ya fi, domin bangonsa yana tare iska ya riƙe laima. Amma kada zurfinsa ya wuce santimita 60 zuwa 80, in ya fi haka ƙasan ba ya samun iska, juyawa kuma ta zama wahala. Damina, ko a fadama mai laka kamar bakin tafkin Madarumfa da kwarin Gulbi, tuli a kan tudu, a ƙarƙashin inuwa, a yi masa ƴar rumfa ko a rufe samansa yadda ruwan sama zai zame.

Girman tuli ma yana da iyaka ta kowane gefe. Ƙasa da mita ɗaya a faɗi da tsayi, zafin da yake haifarwa yana tserewa, ba zai yi ɗumi ba. Sama da mita ɗaya da rabi a tsayi, nauyinsa yana danne na ƙasa ya toshe iska. Tsawo kuwa yadda kayanka suka kai. A fara da shimfiɗar kara mai kauri ko ƙirare kamu guda a ƙasa don iska ta shiga ta gindi. Sai sararren kara jiƙaƙƙe kamu guda, kashi kamar faɗin yatsu huɗu, a barbaɗa tsohon taki ko baƙar ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake. Kada a hau a tattake. Mutane suna yi don ya ci kaya da yawa, alhali shaƙe shi suke yi.

Haruna Madarumfa: Wanda ya riga ya yi warin fa, zubarwa za a yi?

Malam Issufu: A'a. A fito da shi, a baza ya sha iska yini ɗaya, a gauraya da busasshen ƙaiƙayi ko kara, a sake tarawa a sama. Yawanci cikin kwana uku warin ya tafi, zafi ya taso.

Akwai wani warin daban, mai yaji a hanci kamar na makewayin da fitsari ya daɗe. Wannan ba rashin iska ba ne, azot ne ya yi yawa yana guduwa. Kuɗinka ne ke tashi sama. Maganinsa ƙarin kara.

Baba Ɗan Tibiri: Toka fa? Mu mun tashi mun iske ana zuba toka a jibji.

Lawali: Toka tana da amfani Baba, akwai potas da alli a cikinta. Amma kaifi gare ta irin na kanwa, kuma in ta haɗu da kashin kaji ko ure tana mayar da azot ya zama wannan iska mai yaji da Malam ya faɗa. A barbaɗa ta siriri a kan kara, ba a kan kashi ba, ko kuma a bari sai takin ya nuna a gauraya. Abin da ya fi dacewa da cikin tuli shi ne garin dutsen fosfat na Tawa. A gona shi kaɗai yana jinkirin narkewa, amma tsamin da ruɓewa ke fitarwa yana taimaka masa ya saki. Kamar kilo 3 a kowane kilo 100 na busassun kaya. Ƙasar jigawarmu ƙarancin fosfor, sinadarin da ke cikin wannan garin, shi ne babban ciwonta, kuma kara da kashi ba su da shi da yawa.

Zainabu: Ku yi maganar zafi da kyau, domin ba saurin nuna kaɗai yake kawowa ba, lafiyar mai cin salati ma tana wurin.

Tulin da aka haɗa daidai yana ɗaukar zafi cikin kwana biyu zuwa huɗu. Ba rana ce ke ɗumama shi ba, numfashin halittun ne. Da ya wuce digiri 45 masu son matsakaicin ɗumi su ja baya, masu son zafi su karɓa, ya hau 55 zuwa 65. A nan ne ƙwayoyin cutar gudawa da taifot, ƙwan tsutsar ciki, da yawancin irin ciyawa suke mutuwa. Ƙa'idar da hukumar muhalli ta Amurka ta sa wa tulin da ake juyawa ita ce digiri 55 ko fiye har kwana 15, tare da juyawa sau biyar a cikin kwanakin. Dalilin juyawar, tsakiya ce kaɗai ke zafi, gefe yana nan da sanyinsa da cutarsa. Sai an mai da na waje ciki, na ciki waje.

In ya haura 70 kuma ya fara kashe masu aikin, ya bushe, azot ya tashi. Sai a juya a ba shi ruwa.

Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya soka ƙarfen rodi har tsakiya ya bar shi minti goma. Ya zaro, in bai iya riƙe bakin ba sai ya saki, yana wajen 60. In ɗumi ne kawai, bai kai ba. In ƙarfen ya fito a bushe, aka tona aka ga fari-fari kamar toka a jikin kayan, ƙishirwa ce ta kama tulin a tsakiyar aiki.

Sani Jiratawa: Kowane kwana nawa ake juyawa, Malama?

Zainabu: Abin da aka fi koyarwa a nan kwana 15 ne, sau uku ko huɗu, ana ƙara ruwa kowane juyi. Da sararren kara da isasshen kashi, wata biyu zuwa uku. Mai kashin kaji da zai sa wa kayan lambu da ake ci ɗanye, ya fi masa ya juya kowane kwana uku ko huɗu a makonni biyu na farko lokacin da zafin ke sama. Ni dai na fi son a bi zafin maimakon kalanda: da ƙarfe ya fara fitowa da sanyi, lokacin juyi ya yi.

Abu uku kada su shiga ko kaɗan. Mushen dabbar da ta faɗi farat ɗaya ba a san dalili ba, domin ƙwayar ciwon saifa tana yin shekaru da dama a ƙasa kuma zafin tuli ba ya kashe ta. Kashin kare da na kyanwa. Sai tsofaffin batura da ke cikin sharar gari, waɗanda ke fashewa su saki guba cikin takin.

Baba Ɗan Tibiri: Ku ƙara da ƙuduji. Wanda aka tuge bayan ya yi hure ya zuba ɗiya, wuta ce maganinshi. Ɗiyan ƙanana ne kamar ƙura, guda ɗaya na zuba dubbai, kuma suna shekara goma da ɗoriya a ƙasa suna jiran hatsi. Ko ɗan gefen tuli ɗaya ya tsira daga zahi, kai da kanka ka shuka shi a gonarka.

Abdu Majemi: Ina bin muhawarar tun farko. Akwai abin da lissafin karbon da azot bai bayyana ba, kuma masu jima sun san shi. Ɗanyar fatar akuya a watan Afrilu yini ɗaya take fara wari. Amma in ta sha bagaruwa sai ta yi shekaru ana ɗinka jaka da takalmi da ita, haka fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen waje. Fatar ba ta rasa azot ɗinta ba. Ɗacin nan mai ɗaure baki da ke cikin bagaruwa ne ya kama naman fatar ya ɗaure, ruwan narkarwar bakteriya ya kasa kama shi. Ganyen da ke da irin wannan ɗaurin baki ma haka yake yi a tuli.

Malam Issufu: Madalla da wannan misali, Malam Abdu. Sunan sinadarin tanin. Shi ya sa ganyen kalgo, na mangwaro da na turare suke daɗewa, ganyen zogale ko na wake kuwa mako biyu ka neme su ka rasa.

Kuma ko a jikin kara ɗaya ba komai ke tafiya tare ba. Zaƙi da sitaci suna ƙarewa cikin kwanaki, su ne ke tayar da zafin farko. Zaren jikin kara, wanda ake kira selulos, makonni zuwa watanni. Sai lignin, abin da ke sa itace tauri, wanda bakteriya ba ta iya masa sosai, sai wasu irin fumfuna, su ma sai da iska, kuma sai zafi ya sauka. Ɓawon gyaɗa cike yake da shi. Ɓuntun shinkafa ga lignin ga wani sinadari irin na rairayi a jikinsa, yana iya shekara bai canza kama ba. Ba a hana sa su, suna buɗe tuli iska ta shiga, amma kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar, kuma kada a jira su narke kafin a ce taki ya nuna. Gawayi kuwa ɗaruruwan shekaru yake yi a ƙasa. Leda ba ta cikin lissafi ma, farfashewa kawai take yi a rana. Tun 2014 doka ta hana ta a Nijar, amma duk wanda ya kwashi takin jibji a cikin gari ya san sai ya tankaɗe da rariyar waya.

Sani Jiratawa: Na gane na rami sarai. Saura rabin tambayata, takin da ke ɓacewa a gona.

Lawali: Abu biyu ne suka haɗu mana, zafi da rairayi. A ƙiyasi, duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin ruɓewa, muddin akwai laima. Matsakaicin zafin shekara a Maraɗi yana wajen 28, a tsakiyar Faransa wajen 11 ko 12. Ke nan abin da zai yi shekara uku a ƙasarsu, a tamu in da laima shekara ɗaya ta ishe shi. Duk littafin da aka rubuta don can, a karanta lissafinsa da wannan a zuciya.

Na biyu, laka tana kare taki. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, ruɓaɓɓen abu yana manne musu, yana shiga cikin ƴan dunƙulen ƙasa inda bakteriya ba ta kaiwa. Rairayi ba shi da wannan maɓoya. Shi ya sa fadamar Gulbi take baƙa, jigawar Dakoro ko Mayahi take fara, ruɓaɓɓen abin da ke cikinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kuma abin da takin ya saki, in saiwa ba ta nan ta kama, ruwan Agusta ya wanke shi ya yi ƙasa.

Akwai wani abu kuma da ke faruwa a ruwan farko. Ƙasar da ta bushe wata bakwai, da ta jiƙu, ƙwayoyin da suka kwanta suna farkawa gaba ɗaya su cinye gawar waɗanda rani ya kashe, azot ya fito da yawa cikin ƴan kwanaki. Wani masani mai suna Birch ya bayyana wannan a 1958 daga aikinsa a gabashin Afirka. Yana cikin dalilan da shukar ruwan farko take fin ta baya kore. Wanda ya makara, ciyawa da ruwa sun riga shi.

Hajiya Rabi: To abin yi ke nan a daina watsa taki a faɗin gona sau ɗaya ana jiran ya yi shekara biyar. Kaɗan-kaɗan kowace shekara, kuma a gurbin shuka. In tazara mita ɗaya ce ta kowane gefe, hekta tana da gurbi 10,000. Giram 300 a kowane gurbi, wato cikin tafi biyu, tan 3 ke nan. Wannan adadin in aka watsa shi ko'ina ba a ma ganinsa, amma a gurbi saiwa tana kansa. A rufe shi da ƙasa, kada a bar shi a sama rana ta gasa.

Kuma ya zama ya nuna. Ɗanyen taki mai sauran kara in ya shiga ƙasa, halittun suna ci gaba da cinsa, azot ɗin da ba su samu a jikinsa ba sai su kwashe na ƙasa. Hatsi ya yi rawaya makonni uku huɗu, mai gona ya ce taki ya ƙone masa shuka, alhali yunwa ce. Nunannen taki baƙi-baƙi ne, yana marmashewa, ƙanshinsa na ƙasar da ruwan farko ya daka, kuma ko an juya an jiƙa ba ya sake zafi. Mai shakka ya ɗaure danshinsa a leda kwana uku, in ya buɗe ya ji tsami ko wari, da saura. Ko ya shuka irin salati ashirin a kwano na taki gauraye da rairayi, ashirin a rairayi tsantsa, ya gwada tsirowarsu.

Baba Ɗan Tibiri: Ba ku ba gara haƙƙinta ba. Malam ya ce da rani komi tsayawa yake, amma karan da aka bari kwance a gona, zuwa bazara ka ɗaga sai ka iske ɓawo, ciki duk ƙasa. Gara ba ta jiran damana. Kuma fako da ko garma ba ta kamawa, a shimfiɗa mashi kara da rassan sabara, shekara guda gara ta huda shi, ruwa ya fara shiga, ciyawa ta hito. Ramin tassa ma, ɗan ramin shukar da ake haƙawa a fako, da taki ake kiran gara cikinshi.

Malam Issufu: Haka ne Baba, na yi gaggawa da na ce komai. Gara tana haƙa ƙasa ta ɗauko laima daga zurfi, ta lulluɓe karan da laka ta yi aikinta a ɓoye. Masu gina manyan suri ma noman fumfuna suke yi a ciki, su kai masa kara, shi ya narkar da lignin ɗin, su ci. Da rani kusan su kaɗai ke aiki a sararin gona.

Inda zan tsaya kawai, abin da gara ta ɗauka mai yawa gidanta take kai shi, ba nan take barinsa ba. A fako riba ce, domin ramukan sun fi karan daraja. A cikin ramin taki kuwa asara ce, kuma alama ce ta cewa ramin ya bushe ya huce, don gara ba ta zama a tuli mai digiri 60.

Haruna Madarumfa: Ke nan gara a bar kara a gona ko a kwaso a yi taki?

Lawali: Nan kam ba za mu daidaita duka ba. Ni ina ganin gonar da iska ke kwashe wa ƙasa a Mayu da Yuni, karan da ke kwance ya fi amfani a wurin, yana tare rairayi da ƙurar hunturu, yana rage zafin ƙasa. A yi taki da ragowar turke da sharar gida. Kuma a tuna da itatuwa. Gawo yana zubar da ganyensa daidai shigowar damina, ganye mai azot, a lokacin da laima ta zo, a inda hatsi yake, ba amalanke ba bido. Sassaben zamani, wato barin kututturan itatuwa su sake tofo a gona, da ya fara yaɗuwa daga jihar nan tun shekarun 1980 wannan ribar tana cikin abin da ya kawo.

Hajiya Rabi: Ni kuma na ce ya danganta da nisan ruwa. Tuli mai kara kilo 500 zai sha bido 20 zuwa 25 ranar haɗawa, sannan uku zuwa biyar a kowane juyi. Mai lambu a Jiratawa ko mai rijiya a gona wannan ba komai ba ne. Wanda matan gidansa ke tafiya kilomita biyu ɗibar ruwa kuwa, kada a ɗora musu. Shi ya tara kayansa a bushe a inuwa, ya haɗa tulin a Agusta lokacin da ruwa da ɗanyar ciyawa suke kyauta, ya nuna zuwa kaka, a bar shi ya sha iska, a zuba a buhu ko a rufe a inuwa har shuka ta gaba. Ruwan wanke hatsi da na wanke-wanke marar sabulu da yawa ma a riƙa juye shi a kai maimakon a zubar a lungu.

Sani Jiratawa: Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Tambaya ta ƙarshe: ramin da aka cika tun kaka ya bushe, yanzu a Maris, zai iya kaiwa shukar bana?

Malam Issufu: Zai kai in aka fara makon nan. A fito da komai, a sassara karan, a jiƙa shi ya kwana, a ƙara sabon kashi ko ure kilo 2 a kowane kilo 100, a mayar ba tare da tattakewa ba, a rufe da kauri. Ranar ta huɗu a soka ƙarfe. Zafin Afrilu zai riƙa shanye ruwan da sauri, don haka a duba da hannu kowane kwana biyar, kada a jira ranar juyi. Juyi huɗu zai kai ku tsakiyar Mayu, a bar shi ya huce mako biyu ko uku. Guntayen karan da suka rage a tankaɗe su a ajiye, su ne za a fara tuli na gaba da su.